Goggo Mai Sayen Zanena

Goggo ta sake sayen zanena, na tara ke nan. Duk danginmu ita kaɗai ce ba ta kiran fentin ruwa wasan yara. Har a intanet na cika baki da ita.

Wannan karon na kai mata da kaina. Ina shiga falo na ga firam ɗina takwas jere a bango, kowanne da hoton jikanta a ciki.

"Goggo, ina zanen?"

"'Yar nan, ai firam ɗinki ya fi na kasuwa araha." Tana magana tana fifita da kogin da na yi sati uku ina zanawa. "Takardarki kuma akwai kauri, tubarkalla. Ciro min sabon, na kicin ya jiƙe."