Hancin Gidanmu

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari ba.

Likita ya cire bandejin. Hancin Yaya ya lotsa gefe guda, numfashi ma sai ta baki. Wata uku ke nan da aka yi mata aikin rage shi, wurin ya ruɓe daga ciki.

Mama na shafa mata kai. Ni ko zazzaɓi na yi, sai dai a ce in tashi in sha magani. Ita ce kyakkyawar gida, ni kuwa "mai littafi". Da na ga hancin, Allah ya yafe mini, sai da na ji sanyi a raina.

"Za mu gwada mayar da shi yadda yake," in ji likita. "Akwai tsohon hotonki?"

"Duk na goge su." Yaya ta nuna ni da baki. "Ɗauki na wannan. Iri ɗaya ne."

Ya ɗauke ni hoto gaba da gefe. Suka haɗa kai a kan wayar.

"Ashe hanci ne mai kyau," Mama ta ce mata. "A fuskarki ma zai fi fitowa."

Na sulale na fita, ba wanda ya ɗago kai.