Tsohuwa Mai Duba Wuyan Riga

Kwana uku ke nan shugabar shagunan sutura tana hango tsohuwar nan ta kyamarar ofishinta. Ba ta sayen komai, sai dai ta juya wuyan riga ta ƙura wa ɗinkin ido. Yau ga masu kamfanin zaune a gabanta, za su ƙara mata girma. Gumi ya karyo mata.

"A fitar da ita," ta raɗa wa maigadi.

Ya dawo yana sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, ta tafi. Amma ta ce in gaya wa 'yarta ba haka ta koya mata ɗinki ba."

Babban masu kamfanin ya ajiye biro a hankali.

"Ba ce mana kika yi ke marainiya ce ba?"