Jan Salatif a Kan Falwaya

Ran da ta fara ganinsa, filayarsa ce ta faɗo daga sama ta kusa fasa mata ƙafa. Ta ɗaga kai a fusace, ta ga wani ƙaton mutum a kan tsani yana ɗaura wani ɗan akwatin sabis a jikin falwaya. Ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Tunda kin tsaya, ɗan riƙe min tsanin mana." Ta riƙe. Bayan aurensu ma ita ke riƙe masa, tana miƙa masa waya, tana kallon yadda yake gama kowane aiki da naɗin jan salatif, ya lanƙwashe bakinsa kamar kunnen zomo. Mai Tsani take ce masa.

Yau wannan jan salatif ɗin ne ya hana ta sukuni.

Tun damina wasu ƙananan akwatunan sabis suka fara bayyana a kan falwayoyin unguwarsu, ba da izinin kowa ba. Ƙaramar hukuma ta yi ta zama a kansu. Falwayoyin na jama'a ne, wa ya hau? Wasu suka ce akwatunan na sauraren hirar mutane, wasu suka ce za su ta da gobara. Aka yi shela a rediyo cewa duk wanda aka kama sai kotu. Mai shagon kwana ya rantse ya taɓa ganin mutumin da rana tsaka, siriri, da hular kwano da rigar ma'aikata mai sheƙi. Fuskar ce bai lura da ita ba, don wa ke kallon fuskar mai gyara?

Da safen nan motar hukuma ta tsaya a bakin layi. Ta leƙa ta taga, ta ga an sauko da akwati ɗaya. Wani jami'i mai furfura ya juya shi, ya shafa jan naɗin da babban yatsa, sannan ya ɗago ya dubi ƙofarsu.

Nan da nan ta bar tagar. Ta ja tsanin da ke zaure zuwa bayan gida, ta goge taɓon da ke ƙafafunsa, ta tura hular kwanon ƙarƙashin gado. Tafin hannunta da ya farfashe ya hau zogi, ta dunƙule shi cikin mayafi.

Aka buga ƙofa.

"Matar gida, ina maigidan?" in ji jami'in. "Shekaru na yi ina duba aikinsa. Wannan kunnen zomon, ko a mafarki na gani na san hannun."

"Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya."

"Duk wanda muka zo nema haka yake zama."

Ya wuce ta, ɗan sanda na biye, ya yaye labulen ɗaki. Sai ya tsaya cak.

Mai Tsani na kwance a kan gado, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, keken guragu na jingine a gefe. Ya yi murmushi da ƙyar. "Yallabai, ka zo kama ni? Sai dai ku ɗauka da katifar." Ya ce bara ya faɗo daga falwayar ƙarshen layi. Babu sabis a kwarin nan a lokacin, sai da matarsa ta yi gudu har kan tudu kafin kiranta ya shiga. Da motar asibiti ta iso da wuri, in ji likita, da wataƙila ƙafafun sun tsira.

Jami'in ya cire hula, ya yi ta ba da haƙuri. "Wani ne ke kwaikwayon ka. Za mu sa ido, sai mun kama shi."

Da ƙarar motar ta ɓace, ta zo ta zauna a bakin gadon. Ya daɗe yana roƙon ta abu guda, kullum sai ta sauya magana. Yau kuwa sai ya jawo hannunta daga cikin mayafi, ya buɗe shi a hankali, ya ɓanɓare wani ɗan guntun jan salatif da ya maƙale a farcenta.

Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, ta ce, "Na yi maka alkawari, Mai Tsani. Ba zan ƙara hawa ba."