Gemun Gonar Ramalan

Ramalan mutum ne da ba ya ga maciji da tabarma. Tun da ya sayi tankin feshi na goyo, ba a ƙara ganinsa zaune a majalisa a Fammar ba. Yau yana gonar wannan, gobe ya tsallaka Unguwar Gai, tanki a baya, hannu na bugun famfo, yana kashe wa mutane ciyawa. Har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa, kowa sai Mai Feshi.

Gonarsa ta gado a gangare take, ƙarshenta ya jingina da wata ƙorama. A wannan ƙarshen marigayi mahaifinsa ya bar wani ziri mai faɗin taku goma, wanda bai taɓa sa wa garma ba. Gamba ce cunkus a wurin, ga sabara, ga kalgo, ga geza, yaɗiya ta nannaɗe su. Da damina tafasa da karkashi su fito a ƙarƙashi. Mutanen unguwa suna ce wa wurin gemun gona. Can matarsa Mu'minat take tsinko ganyen kwaɗo da na miya, can kuma Kawu Alu, ƙanen mahaifiyarsa, yake yankan gambar da yake saƙa zana. Fakara ma a nan take ƙwai.

Shi kuwa Ramalan gemun nan ya tsone masa ido. Duk ranar da ya dube shi, kunyoyin masara yake gani suna zaman banza.

Ga shi da wani hali, ba ya iya barin ragowar magani a tanki. In ya gama aikin wani, ya jijjiga ya ji ruwa na motsi, sai ya ce zubarwa almubazzaranci ne, ya biyo ta gonarsa ya ƙarar da shi a kan gemun. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har gamba ta soma ja kamar wuta ta lashe ta.

Kawu Alu ya same shi a wurin, ya dafa sanda ya daɗe yana kallo.

"Ramalan, ubanka ba rago ba ne. Da ya bar wurin nan, ba ƙarfin nome shi ya rasa ba. Saiwar gambar nan ce ke riƙe maka ƙasa."

"Kawu, zamani ya wuce nan. Baba ya bar wa gona gemu, ni kuma zan yi mata aski."

Mu'minat ma ta yi nata ƙorafin, ta ce yanzu sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta cika ƙwarya da tafasa. Ya ce mai buhunan masara ba ya kukan ganye. Da rani ya sa gatari ya tumɓuke sabara da kalgo da geza, ya tara ya ƙone, ya ja kunyoyi har bakin ƙorama. Shekarar farko masara ta yi kyau, ya riƙa tsokanar Kawu duk inda suka haɗu.

A damina ta biyu, wata ranar Talata cikin Agusta, aka tsuge da ruwa tun azahar har bayan la'asar. Ramalan ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana leƙe ta ƙofa. Ruwa bai gama ɗaukewa ba ya fita da gudu. Yana isa gona ya tarar da ɓarna. Ruwan gangare bai sami abin da zai tare shi ba, ya tsaga gonar biyu, ya haƙa kwazazzabon da zai haɗiye mutum a tsaye. Sababbin kunyoyin sun tafi gaba ɗaya, sun ja tsofaffin tare da su, masara tana yawo a ƙorama, saiwa a sama.

Ya cika buhuna da yashi ya jera, ruwa na gaba ya kwashe. Ya zuba duwatsu, ruwa ya zagaye su ya ci gaba da cin gona. Tsoro ya kama shi sosai, don ba shi da wata gonar sai ita. Da kunya da komai ya je wurin Kawu. Tsoho bai yi masa gori ba, ya ce ya nemo tushen gamba da yawa ya dasa a bakin ramin tun ƙasa na da laima, ko Allah zai sa ta kama.

Ramalan ya ɗauki fartanya da buhu ya shiga nema. Ya bi iyakokin gonakin Fammar ɗaya bayan ɗaya, duk an share su tas. Kwana uku yana yawo, buhu ba komai. A rana ta huɗu ya isa Unguwar Gai, gonar wani Hammadu, inda ya tuna ya taɓa ganin gamba ta fi mutum tsawo. Ya yi sallama ya faɗi buƙatarsa.

Hammadu ya dube shi da mamaki, ya nuna masa iyakar gonar, ƙasa tsirara.

"Gamba kuma, Mai Feshi? Ai kai ka feshe mana ita bara. Duk yankin nan wa ya rage da ba ka yi wa ba?"

Ramalan ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadari na haɗuwa a gabas. Ya naɗe buhunsa ya juya gida da sauri, ya san kafin ya isa ruwan zai riga shi zuwa gonar. Kafin kaka, rabin gadon mahaifinsa ya bi ƙorama.

Mai karatu, ba duk tsiron da ba ka shuka ba ne abokin gaba. Ciyayi da itatuwan bakin gona su ke riƙe ƙasa, su ba da ganyen miya da abin saƙa. Ka bar wa gonarka gemunta, ka yi feshi da lissafi, don abin da ka ƙarar yau wataƙila shi za ka fita nema gobe ka rasa.