Gyambon Baba Vern Ya Warke

"Don girman Allah, 'yata, kar ki faɗa wa matata Dolores gyambon ya warke."

Baba Vern ne ya riƙe min hannu, ina fito da shi daga akwatin gilashin da muke rufe marasa lafiya a ciki, muna matsa musu iskar oksijin. Gyambon ciwon suga da ya kusa cinye masa ƙafa ya rufe ruf, amma mutumin nan ya ƙi murna.

"Baba, magani ya gama aikinsa," na ce. "Inshora ba za ta ƙara biya ba. Ga kunnenka kullum sai ya toshe. So kake dodon kunnen ya fashe?"

"Ya fashe ɗin! Nan kaɗai ake hana shiga da waya saboda gobara. Awa biyu ba mai kirana, ba mai aikena kanti."

Na ce ni ba na ƙarya. Na wuce ɗakin jira, na tarar da matar tasa ta miƙe ƙafa tana shan kofi. Na ce mata an sallame shi.

Ko gezau Dolores ba ta yi ba.

"Ni nake sa masa safa, na daɗe da sani." Ta waiga, ta rage murya. "Tun da ya yi ritaya yake bina kicin yana koya min jera kwanuka."

Ta zaro katin banki ta danna min a hannu.

"Ko nawa ne, daga aljihuna. Ke dai faɗa min, ana iya rufe shi awa huɗu?"