Ɓarawon Allunan Sherif Tuttle

Saura kwana uku Merle Tuttle ya cire tauraron muƙamin da ke ƙirjinsa, sai ya sake jawo tsohon fayil ɗin nan na satar alluna daga ƙasan durowa.

Shekara ashirin da takwas yana sherif na gundumar Harlow, shugaban 'yan sandanta, kuma sau bakwai jama'a suna zaɓensa. Gunduma ce da shanu suka ninka mutane sau goma, don haka aikin bai tsaya a kama masu laifi ba. Ya ciro motoci daga dusar ƙanƙara, ya raba rigimar shinge, ya kai wa tsofaffi magani, har haihuwa ya karɓa sau biyu a kujerar bayan motarsa. Ko ranar Kirsimeti waya ta yi ƙara, ajiye cokali yake ya miƙe. Babu gidan da bai saba ganin Merle ba, in ka cire nasa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. Duk zaɓe yakan kafa alluna a bakin hanya, na katako mai kauri da ruwa ba ya ci, da hotonsa yana murmushi. Kuma duk zaɓe sai sun ɓace, ɗaya bayan ɗaya. Ba a karyawa, ba a ƙonawa, tumɓuke su ake yi cikin natsuwa. Sherif guda, a sace masa fuska a bakin titi! Masu zaman shan kofi ba su da abin dariyar da ya fi wannan.

Tun zaɓen farko ya rantse a gaban jama'a cewa ba zai sauka ba sai ya kama ɓarawon. Rantsuwar ce ta yi ta mayar da shi takara, mutane kuma suka yi ta zuba masa ƙuri'a, rabi don tausayi, rabi don su ga ƙarshen wasan. Bana gwiwa ta ce ta gaji. Ranar Juma'a zai sauka, kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ya sauka da rantsuwa a wuya.

Ya hau mota ya nufi shagon abincin dabbobi na Orval Kessler, wanda ya kara da shi a zaɓe sau uku ya sha ƙasa sau uku.

"Orval, mun tsufa. Ba kama ka zan yi ba. Ka faɗa min kawai, ina ka kai su?"

"Yallaɓai, ni da ganin fuskarka sau ɗaya a rana ke sa ni ciwon kai, in kwashe ta guda ɗari biyu in kai gida? Kajin gidanku ma sun fi ni haƙuri da kai."

Merle ya binciki rumbun Orval duk da haka, a karo na huɗu. Bai samu komai ba sai wata mage da 'ya'yanta.

Ya koma gida ya tarar da matarsa Arlene tana sauke kwandunan ƙwai daga akori-kurarta. Kullum da sassafe takan zagaya gunduma tana raba ƙwai, babu lungun da ba ta bi. Shi ya sa tun farko ya ɗauke ta babbar mai ba shi labari.

"Arlene, ki tuna da kyau. Duk shekarun nan ba ki taɓa ganin wani kusa da allunan ba?"

"Ni dai ban taɓa ganin baƙuwar fuska ba, maigida."

Amsarta kenan kullum. Mace ce mai barkwanci. Duk safiyar zaɓe takan gyara masa kwalar riga ta ce, "Allah ya sa ka faɗi, tsoho," shi kuma ya yi dariya ya fita. Bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ɗakin kajin da ya yi alkawarin gina mata tun suna da baƙin gashi, da ta gaji da jira ita ta gina abinta. Kaji na ƙaruwa, tana ƙara musu ɗaki lokaci-lokaci, kuma rufin bai taɓa yoyo ba. Merle yakan yaba aikin ta tagar mota.

Ranar Juma'a aka cika zauren coci don yi masa ban kwana. Aka ci naman gashi da masara, aka yi ta jawabai. Ɗaya daga cikin matan da suka haihu a motarsa ta zo da ɗan, ƙato da gemu. Merle ya miƙa tauraron, ya ce ya yi iya yinsa, amma mutum ɗaya ya fi shi wayo, kuma ya sara masa. Aka yi dariya. Shi kam abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Arlene ce ta fi kowa tafi, har da share hawaye.

Washegari ya tashi, babu waya, babu inda za shi. Ya zagaya falo sau biyu, ya tsaya a ƙofar kicin kamar baƙo. Arlene ta miƙa masa kwando.

"Tunda yau kana gida, je ka kwaso min ƙwai. Ka sunkuya, rufin gajere ne. Ka gaida mutanen ciki."

Ya ratsa tsakar gida, ya tura ƙofar da bai taɓa turawa ba, ya sunkuya ya shiga. Kaji suka watse. Ya ɗaga kai don kada ya buge goshi.

Daga rufi har bango, an jera allunansa tsaf an buga da ƙusa, Merle Tuttle ne ke yi masa murmushi sau ɗari biyu, tun daga mai baƙin gashi har zuwa mai sanƙo.