Bangon Gidan Tanimu

Tun da aka kafa dokar zafi, yaro ba ya wuni a gidan da zafin bangonsa ya haura digiri arba'in da biyar. Kullum da hantsi Hajiya Kulu mai awo take bi gida-gida da 'yar na'urarta, ta haska jan ɗigo a bango, ta karanta.

Yau Tanimu ya riga ta. Ruwan shansa na yini ya sheƙa wa bangon.

"Malam Tanimu, bangon naka gumi yake yi?" in ji ta. Ta jira ya bushe, ta haska. "Hamsin da biyu. 'Yarka Ummi sai gidan Isyaku."

Tanimu ya harari darbejiyar maƙwabcinsa Isyaku, bishiya ɗaya tak da ta rage a layin. A inuwarta Ummi ta koyi tafiya. A can ta fara cewa "Baba", kuma ba shi ta kira ba.

"Hajiya, don Allah gwada nan ƙasa."

Ya juya zai ce wa Ummi ta dakata. Tana bakin ƙofa, tabarmarta a hammata. Ashe tun kafin a haska bangon ta naɗe ta.